Kwamanda, Makarancin Ɗakin Wankin Ƙoda

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kwamanda a gidansa, a gaban maiɗakinsa. Labarin ya same ni a bakin aiki, ina tsaye gaban sikeli ina auna marasa lafiyar safe kafin a ɗora su kan na'ura. Ba na ɗaga waya a irin wannan lokacin, amma da na ga lambar 'yarsa ce sai na ja gefe. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Sista, Baba ya cika." Na ce mata mu duka na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa auna waɗanda ke layi, domin na san da yana nan shi ne zai fara yi mini faɗa in na bar marasa lafiya a tsaye. Sai da na ɗora na ƙarshe kan na'ura sannan na shiga ɗakin ajiyar magani, na turo ƙofa, na yi kukana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda, ɗakin da waɗanda ƙodarsu ta gaza suke zuwa sau uku a mako, na'ura ta tace musu jini na tsawon sa'o'i, su koma gida, jibi su dawo. Aikinmu ya hana mu baza sirrin marar lafiya, saboda haka ban ɗauki alƙalami ba sai da na nemi izinin maiɗakinsa da 'ya'yansa biyu. Sun ce in rubuta abin da na sani, kada in rage komai. To, Baba Kwamanda, ga ni. Da kai zan yi magana kai tsaye, yadda muka saba idan na zo duba maka hawan jini.

Kusan shekara huɗu ke nan da ka fara shigowa ɗakinmu. Sababbin marasa lafiya kansu a sunkuye suke shigowa, gabansu na faɗuwa, idonsu kan bututun da jinin wasu ke bi. Kai kuwa a miƙe ka shigo, riga a goge, takalmi na sheƙi, kana duban kusurwoyin ɗakin kamar wanda aka aiko bincike. Na nuna maka kujerarka, ka ƙi zama. Ka nuna ƙofar baya, wadda muka jibge kwalayen ruwan magani a bakinta, ka tambayi wane ne babba a nan. Na ce ni ce. Ka ce, "'Yata, fiye da mutum goma ne a ɗaure jikin na'ura a ɗakin nan. In wuta ta tashi, ta ina za ki fitar da su?" Ba ka yarda an sa maka allura ba sai da aka kwashe kwalayen nan tas. A ranar na ji haushinka ƙwarai. Daga baya Mama, maiɗakinka, ta gaya mini cewa shugaban tashar kashe gobara ne kai kafin ka yi ritaya, kuma ka kwashe fiye da rabin rayuwarka kana kutsawa inda mutane ke gudowa. Haka sunan Kwamanda ya biyo ka har ɗakinmu, kuma har yau ko tsintsiya ba a jingine a bakin wannan ƙofa.

Watannin farko sun yi maka wuya, ko da yake ba ka taɓa faɗa ba. Mutumin da ya saba ba da umarni, ga shi an manne masa allura a hannun hagu an ce kada ya motsa, an hana shi gishiri, an ƙayyade masa ruwan sha, har idan ƙishirwa ta matsa sai dai ya tsotsi ƙanƙara. Ido kawai kake zuba wa na'ura kana bin lambobinta, ba ka kula kowa. Mama ce ta gaji da wannan shirun. Wata rana ta zo da wani tsohon littafi da ta samo a shagon masu sayar da na hannu, bangonsa a yage, ta ajiye maka a cinya. Irin littattafan nan ne na bincike da tashin hankali, waɗanda ake kashe mutum a shafin farko a yi ta farautar wanda ya yi har shafin ƙarshe. Ka ce mata kai ba yaro ba ne da za ka zauna karanta ƙarya. Ta ce to ka riƙe mata shi. Kafin a sauke ka daga na'ura ka kusa cin rabinsa, kuma da na zo zare allura cewa ka yi in dakata ka kai ƙarshen babi.

Da hannu ɗaya kake karatu, littafin yana ta rufewa yana zamewa ƙasa. Na kawo maka abin maƙale wanki a igiyar shanya daga gidana, kana danne shafi da shi. Ka yi ta godiya kamar na ba ka mota.

Ba ka iya cin abu kai kaɗai ba, ko da labari ne. Da ƙunƙuni ka fara. Sai a ji ka ce, "Wannan ɗan sandan ba ya tunani," ko kuma, "Yarinya, kada ki buɗe ƙofar nan." Maƙwabcin kujerarka, wanda muke kira Lauya saboda aikinsa ke nan kafin ciwo ya zaunar da shi, ya tambaye ka wace ƙofa. Ka ba shi labarin. Na kusa da shi ya ce bai ji farkon ba, ka ɗaga murya. Kafin wata ya zagayo, an daina kunna talabijin a ɗakinmu ranakun Talata da Alhamis da Asabar. Da zarar an gama sa wa kowa allura, za ka gyara tabarau ka faɗi inda aka kwana, sannan a shiga gardamar wane ne mai laifi. Kai ne mafi ƙarfin murya a wannan gardama, kuma, Allah Ya jiƙanka, kai ne mafi yawan kuskure. Da cikakken tabbaci za ka ɗora laifi kan direba ko mai gadi ko mijin matar, a ƙarshe ya fito wani ne can daban. Lauya ya kan ce ya gode Allah da wuta aka ba ka ka kashe, ba shari'a ba, da gidan yari ya cika da bayin Allah.

Amma idan ka rufe littafi ka faɗi ra'ayinka a kansa, kowa shiru yake yi. Bara Lauya ya kawo maka wani sabo da ake ta yabo, labarin wani tsohon ɗan leƙen asiri da aka taso daga ritaya, yana bi gari gari yana harbi. Ka karanta shi har ƙarshe, domin ba ka yanke wa littafi hukunci sai ka gama jin ta bakinsa. Ka ce, "Gudu ne kawai a ciki. Mutane sun mutu birjik, ba ko ɗaya da uwarsa ta zo ɗaukar gawa. Ni na sha ƙwanƙwasa ƙofa in gaya wa mace ɗanta bai fito ba. Mutuwa ba ta da arha haka." Lauya ya ce ai nishaɗi aka rubuta, ba zaman makoki ba. Ka ce ka yarda ya hana ka jin zafin allura na mako guda, don haka ka ba shi rabin maki, sauran rabin kuma sai marubucin ya koyi yi wa mutanensa kuka.

Wani kuma labarin wata ƙaramar yarinya ne da ta ɓace a wani dogon bene mai gidaje da yawa, kowane maƙwabci ya zama abin zargi. Ka kafe kan mai gadin benen. Ashe kakar yarinyar ce ta ɓoye ta don ta tserar da ita daga hannun uba mai duka. Ka yi fushi, ka ce marubuciyar ta yi ha'inci, ta fito da tsohuwa daga aljihu a babin ƙarshe. Lauya ya ce ka koma ka duba. Ka tafi da littafin gida ka sake karanta shi daga farko. Da ka dawo, tun kafin ka hau sikeli ka ce wa duk ɗakin, "Na janye maganata. Ta gaya mana tun farkon littafin. Ni ne ban saurara ba, don tsohuwa ce ke magana." Na ga manya da yawa a rayuwata, kaɗan ne na ga sun iya janye magana a bainar jama'a da sakin fuska irin wannan.

Wanda ka fi so duk cikinsu shi ne na wata mata mai yin tafinta a kotu, wadda ta lura cewa wani shaida yana aika wa wani saƙo a ɓoye cikin amsoshinsa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin take jin harshen. Ba a harba bindiga ko sau ɗaya a littafin ba, amma ka ce shi ne ya fi tsinka maka zuciya, domin tsoro na gaskiya a natse yake zuwa, yana samun mutum yana aikinsa na kullum. Wannan littafin ba zan manta da shi ba saboda Tela.

Tela ɗaya ce daga cikin marasa lafiyarmu, mace mai ƙananan 'ya'ya, mijinta ya rasu, da keken ɗinkinta take riƙe gida. Ta gaji da zuwa. Duk wanda ya san ciwon nan ya san akwai ranar da mutum kan ji ya ƙoshi da allura, ya ƙoshi da jiri, ya ƙoshi da kallon jininsa yana fita yana dawowa. Ta tsallake zuwa ɗaya, ta tsallake na biyu. Muka yi ta kira ba ta ɗagawa, kuma mun san ruwa da guba suna taruwa a jikinta, na uku zai iya zama ajali. Kai da Mama kuka tafi shagonta. Tela ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce ta shirya jin wa'azi, ta ɗaure fuska. Sai ka ja kujera ka zauna cikin ƙyallaye, ka ce ka zo ne don ta rasa babi biyu, kuma ba daidai ba ne a wuce ta. Ka ba ta labarin tafintar nan har daidai inda ta fito daga kotu ta tarar da mutumin da ake aika wa saƙon yana jingine da motarta. Nan ka miƙe ka ce sauran sai Alhamis.

Ranar Alhamis ta shigo, ƙafafunta a kumbure, tana numfashi da ƙyar. Ta ce, "Ba don ku na zo ba. So nake in ji ko matar nan ta tsira." Ba ka tsaya nan ba. Ka gano cewa rabin gajiyarta ta hanya ce da ta rashin mai riƙe mata yara, sai motarka ta riƙa biyawa ta ƙofarta, Mama kuma ta riƙa ɗaukar ƙaramin. Tela tana nan da ranta, ba ta sake fashi ba, kuma ita ta fi kowa kuka da aka faɗi rasuwarka.

Akwai labari ɗaya da ba ka ba mu ba, sai dai muka gan shi da idonmu. 'Ya'yanka biyu ne, namiji da kuke kira Dogo, injiniya mai aikin gadoji, da mace, Auta, malamar makaranta. Tun shekarar farko Dogo ya je a ɓoye aka gwada jininsa, aka ce akwai alamar zai iya ba ka ƙoda ɗaya. Ya zo maka da maganar yana murna. Ka ƙi ƙememe. A barandar sashenmu kuka yi ta, ina jin ku ta taga. Ka ce, "Ban haife ka don a yanka ka saboda ni ba. Kana da mata, kana da yara." Ya ce, "Baba, ka shiga wuta saboda 'ya'yan mutanen da ba ka sani ba. Ni kuma ka hana ni kwanciya asibiti na 'yan kwanaki saboda ubana?" Ka ce ka gama magana.

Na yi maka bayani, likita ya yi maka, cewa masu ba da ƙoda suna ci gaba da rayuwarsu lafiya idan an tantance su da kyau. Ka saurare mu cikin ladabi, ka koma kan littafinka. Dogo ya sake gwadawa ta hannun Mama, ta hannun ƙaninka, duk a banza. Sai ya fara sauke ka a bakin ƙofar asibiti ya juya. Daga baya ya bar wa Auta kawo ka gaba ɗaya. Bai daina gaishe ka ba, bai daina hidimar gida ba, amma hira ta mutu tsakaninku, aka koma gaisuwar maƙwabta. Haka kuka yi wajen shekara biyu. Mama tana tsakiya tana ramewa, kuma in na tambaye ta sai ta ce zafi ne.

Auta ce ta kawo littafin da ya sauya wannan. Ta cusa shi cikin jakarka tsakanin na bincike. Ba ƙagaggen labari ba ne. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ta rubuta shi, bayan ta yi shekaru tana shiga gidajen da ke da marar lafiya mai doguwar jinya, tana rubuta abin da ta gani da abin da aka gaya mata: wanda ya bar aiki ya zauna, wanda ya gudu, wanda ke yi yana ƙunƙuni, wanda ke yi ba a gani. Ka juya shi gaba da baya, ka tambayi Auta, "Wa aka kashe a ciki?" Ta ce, "Ba kowa, Baba." Ka ce, "To me zan nema?" Ya yi makonni a gindin jaka. Sai wata Asabar ka gama na hannunka da wuri, ga sauran lokaci mai tsawo kan na'ura, ga ba wani abin karantawa. Ka ciro shi kana tsaki.

Zuwa biyu ka yi ba ka ce uffan ba. Ɗaki ya fara ƙorafi, Lauya ya ce a duba ko na'urar Kwamanda ta tace har da muryarsa. Da ka tashi magana, da suka ka fara, yadda ka saba. Ka ce gabatarwar ta yi tsawo, matar tana son ba da labarin kanta, kuma wani wurin takan maimaita abin da mai karatu ya riga ya gane. Amma ka ce tana da kunne, ta iya zama a ɗakin mutane ta yi shiru har su faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa junansu ba. Ka ba mu labarin babin 'yan'uwa, na kusa da ke wanke marar lafiya da na nesa da ke ba da umarni ta waya, sai dariya ta ɓarke a ɗakin, domin kowa ya gane gidansu.

Babin matan aure kuwa ni kaɗai ka yi wa maganarsa, ina canza maka filasta. Ka rage murya ka ce, "Sista, kin san tun da aka hana ni gishiri matar nan ba ta sake sa shi a tukunya ba? Abin da na ci shi take ci. Ko ruwa ba ta sha a gabana, sai ta shiga kicin. Ina zaune da ita a gida ɗaya ban gani ba, sai da wata baƙuwa ta rubuta shi a kan matar wani."

Sannan ka iso babin waɗanda ke ƙin a taimake su. A ciki akwai wata tsohuwa da ta raini 'ya'yanta ita kaɗai, da ta tsufa ta ƙi komawa gidan kowa, ta ƙi a kwana da ita, ta ƙi a ɗauke mata ko bokiti, wai ba za ta zama kaya ba. Bayan rasuwarta 'yarta ta gaya wa marubuciyar cewa uwarsu ta ba su komai, abu ɗaya ta hana su, shi ne su ma su ba ta, kuma ta bar su da wani fushi da ba su da inda za su sauke shi tunda ba a fushi da mamaci. Wannan wurin da ƙarfi ka karanta mana shi. A tsakiya ka cire tabarau ka goge, ka ƙarasa. Sannan ka ce, "Na yi ta neman mai laifi a littafin nan yadda na saba. Babu. Kowa ƙauna ce ta sa shi yin abin da ya yi. Sai da na zo nan na gan shi zaune a kujerata. Lauya, wannan karon na canka daidai." Lauya bai yi dariya ba.

Ka ce in ciro wayarka daga jaka in kira maka Dogo, tunda hannunka a ɗaure yake. Na kira, na kara maka a kunne. Ka ce, "Dogo, ni ne. Abin nan da ka ce za ka ba ni, in yana nan, ina so." Ban ji abin da ya ce ba. Kafin a sauke ka daga na'ura sai ga shi ya shigo da takalmin aiki duk laka, hular kwano a hannu. Ya durƙusa gefen kujerarka ya kifa goshinsa a kan hannunka na dama. Duk ɗakin kowa ya samu abin kallo a wani gefen, ni kuma na tsaya ina gyara bututun da ba abin da ya same shi.

Aka shiga gwaje-gwaje. Na Dogo duk suka yi kyau. Naka ne suka tsaya a zuciya. Likita ya ce ta yi rauni, ba za ta ɗauki aikin tiyata a halin da take ba, sai dai a ɗora ka kan magani a ga ko za ta farfaɗo. Dogo ya fita baranda ya daɗe. Kai kuwa tambayar likita ka yi sau nawa za a sha maganin a rana, ka yi masa godiya, ka ce a kira maka ɗanka ya kai ka gida.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi kyau da na gan ka a ciki, duk da jiki yana ja baya. Ka koyi karɓa, kuma ka koye shi da irin himmar da kake yin komai. Dogo ya riƙa gyara lokacin aikinsa yana zama gefenka. Da idonka ya fara gajiya, shi ya koma karanta maka, yana sauri kana ce masa ya bar mutane su yi numfashi tsakanin magana. Ka bar Auta tana yanke maka farce tana daddanna maka ƙafa, abin da da ba ka yarda da shi. Ka ba Mama umarni, da muryar Kwamanda, cewa ta sa gishiri a nata kwanon, kuma ka tura ta gidan ƙanwarta ta huta mako guda, ta tafi tana mita ta dawo da kumatu. Littafin ya zaga ɗakinmu har ya yi laushi. Lauya ya kira yayansa da suka daɗe ba sa magana. Ba kowa ya dace ba. Akwai wani dattijo da ya aika wa 'ya'yansa shi, ba wanda ya zo, ba wanda ya kira. Da ka ji, sai ka mayar da ziyararsa aikinka duk ranar da ba ka kan na'ura, har ƙarfinka ya ƙare.

Ranar Talata, jajibirin rasuwarka, ka zo kamar kullum. Ka hau sikeli ka ce ƙarya yake yi maka, ka yi gardama da Lauya, ka tambayi Tela jarrabawar babbar 'yarta. Washegari ka karya, ka zauna a falo kai da Mama, ka ce mata ka ɗan gaji. Ka jingina kanka da kafaɗarta, ta ji kana kalmar shahada a hankali, ta taya ka. Haka ka tafi.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, domin da kanka za ka ƙaryata ni. Kana da taurin kai, kana da ɗaga murya, kuma ka sa waɗanda suke ƙaunarka sun sha wuya kafin ka sauko. Amma na shaida ka sauko, kuma ba a ɓoye ba. Na shaida ka shigo ɗakin da mutane ke zuwa jiran abin da suke tsoro, ka mayar da shi wurin da suke ɗokin zuwa. Na shaida ban taɓa jin ka yi wa Allah ƙorafi ba. Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi, Ka karɓe shi da rahamar da ta fi tamu, Ka sada shi da salihan bayinKa a Aljanna maɗaukakiya.

A madadin ma'aikatan sashenmu da duk abokan kujerarsa, ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninsa da jikokinsa da tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda suka cika layin gidansa ranar jana'iza. Mama, Allah Ya ba ki ladan abin da kika yi a bayyane da wanda kika yi a ɓoye, Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba ki lafiyar da za ki ga auren jikokinki. Auta, ke kika san ƙofar da za a bi a shiga zuciyar mahaifinki, Allah Ya ba ki 'ya'yan da za su san taki.

Dogo, kai na bari a ƙarshe, domin ranar da na zo gaisuwa ka raka ni bakin ƙofa ka tambaye ni ko da ya yarda tun farko da yanzu yana raye. Na ce maka ban sani ba, kuma har yanzu ban sani ba. Likitoci ma ba za su iya rantse maka ba, kuma kwanan da Allah Ya rubuta masa bai ragu da ko ɗaya ba. Amma akwai abin da na sani, wanda kuka ya hana ni gaya maka a ranar. A zuwansa na ƙarshe, ka fita ɗauko mota, ina danne masa wurin allura da auduga, sai ya bi ka da kallo ta taga. Ya ce, "Sista, yaron nan yana ganin kyautarsa ba ta iso ba. In na riga shi, ki gaya masa ta iso. Tun ranar da ya shigo da lakar nan a ƙafarsa na karɓa, kuma da ita nake tafiya har yau."

Na isar da saƙo. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ka haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.